Mara lafiya ɗaya, likitoci biyu

Likitan asibitin ƙaramar hukuma ba shi da zaɓin ciwo. Da safe yaro mai zazzaɓin cizon sauro, kafin azahar mai naƙuda, da la'asar wanda ya faɗo daga babur. Ƙwararru kuwa galibinsu suna birnin Sakkwato da kewaye: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Asibitin Ƙwararru, asibitin mata da yara na Maryam Abacha, na ƙashi a Wamakko, na masu taɓin hankali a Kware. Ƙananan hukumomi 23 duk nan suka dosa, ga kuma mutanen Kebbi da Zamfara da na ƙetaren iyaka ta Illela. Sau da yawa abin da ya haɗa mu likitocin ƙananan hukumomi da waɗannan ƙwararru bai wuce takardar tura mara lafiya guda da ake ninkewa a soka a aljihu ba.

Aiki ya fi koya mini darasi a kan wannan takardar. Ɗauki mai ciki da aka kawo tana jijjiga, jini ya hau. Ba a ɗora irinta a mota haka nan. Sai an yi mata allurar farko ta magnesium sulphate mai tsayar da jijjiga, an ba ta maganin saukar da hawan jini, an sa mata robar fitsari, an kwantar da ita ta gefen hagu. To, allura ta gaba bayan awa 4 take. In ban rubuta ƙarfe nawa na yi ta farko da yawan abin da na ba ta ba, likitan da zai karɓe ta a birni ya shiga tsaka mai wuya: ya maimaita, maganin ya yi mata yawa har ya taɓa numfashi, ya dakata, jijjiga ta dawo. Mijinta ba zai iya ba shi amsa ba, iyakarsa ya ce, "Wallahi likita, sun dai yi mata allurai." Layi biyu ne kacal, amma sun fi mata amfani a kan doguwar gaisuwar da muke buɗe takarda da ita.

Sai waya. Kowane fanni yana da ranar da yake ganin masu zuwa daga waje. Dattijon da ya sayar da akuya ya biya kuɗin mota daga Sabon Birni, in ya sauka a ranar da ba tasa ba, ko ya kwana a baranda ko ya juya gida, kuma wanda ya juya da wuya ya sake fitowa. Kira ɗaya ga likitan da ke bakin aiki yana raba wannan. Wani lokaci ma ya ce kada a taso, a yi gwaji kaza, a ƙara magani kaza, a turo masa hoton sakamako ta WhatsApp.

Inda nake da ƙorafi, kuma na sha faɗa wa malamanmu cikin ladabi, shi ne takardar dawowa. Mu muna rubutawa, amsa ba ta cika zuwa ba. Mai ciwon zuciya zai kwanta a birni, a sauya masa magunguna, a sallame shi. Bayan wata guda ya shigo wurina ƙafafu a kumbure, ya zazzage baƙar leda a kan tebur: tsofaffin ƙwayoyin da na ba shi da sababbin, yana shan duka. Na ce, "Baba, wanne aka ce ka bari?" Ya ce, "Ɗana, ba su ce ba." Na san cunkoson da suke fama da shi, layi tun asuba. Amma ƙwararre yana ganin mutum jefi-jefi ne, mu muke tare da shi kullum. Mu muka san mai ciwon suga ba zai ajiye azumi don an ce ya ajiye ba, mu muka san gidan da ba wuta balle firij na adana insulin a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, sai dai gindin randa. Tsarin maganin da bai san da wannan ba, a takarda yake ƙarewa.

Cutar noma mai cin fuskar yara ta nuna mini inda rabon kowa yake. Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, yana yin tiyatar gyaran fuska tare da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin waɗanda aka yi sakaci da su. Aikin masu tiyatar abin jinjina ne. Sai dai cutar daga dasashi take farawa, kumburi da wari da ɗan jini a bakin yaro mai tamowa, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, sau da yawa bayan ƙyanda. A wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita, kuma a hannunmu yaron yake, ba a hannunsu ba. Shi ya sa duk yaro mai rama da aka kawo mini, ko don gudawa aka zo, sai na ce da uwar ta buɗe mini bakinsa na haska da tocila.