Neman sabuwar bakteriya a jikin ciyawar teku

Tun daga 2011 ciyawar tekun nan mai ruwan ƙasa da ake kira Sargassum take taruwa a gaɓar Afirka ta Yamma, daga Saliyo har Legas. Masunta na kuka da ita don tana cushe musu raga. Ni kuwa aikin bincikena shi ne in ɗebo ta, in ga ko cikin ƙwayoyin bakteriyar da ke manne a jikinta akwai wadda ba a taɓa raɗa wa suna ba.

Nakan ɗauraye ciyawar da ruwan teku da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, don waɗanda suka raɓe ta kawai su tafi, sannan in kankare bayanta in shafa a faranti mai abincin rainon bakteriya da ake kira Marine Agar 2216, wanda masanin bakteriyar teku Claude ZoBell ya fara haɗawa. A nan na gane cewa mai saurin tsiro ba shi ne abin nema ba. Kwana ɗaya dangin bakteriyar Vibrio sun mamaye faranti. Da na tsinka abincin, na bar farantan a ma'aunin zafi 25 har sama da mako biyu, sai ga wasu ƙanana masu launin rawaya da ruwan lemo suna fitowa, waɗansu har sun ƙwaƙule rami a ƙarƙashinsu. Shi aga, sinadarin da ke daskarar da abincin farantin, daga jar ciyawar teku ake samo shi, don haka ramin shaida ne cewa suna iya cin sinadarin ciyawar teku. Irinsu ce Zobellia galactanivorans, da aka samo a jikin jar ciyawa a Roscoff ta Faransa, aka bayyana ta a 2001.

Launi dai ba hujja ba ne. Sai an karanta sashen DNA ɗin bakteriyar da ake kira 16S rRNA an gwada da na jinsunan da aka sani. Idan kamannin ya yi ƙasa da kashi 98.7 cikin ɗari, akwai alamar sabuwa ce. Yawancin nawa a nan suka faɗi, wani ya riga ni. Wadda ta tsallake kuma sai an karanta DNA ɗinta gaba ɗaya, a ga kamanninta da 'yar uwarta mafi kusa bai kai kashi 95 zuwa 96 ba. Bayan haka sai gwaje-gwaje masu gundura: gishiri nawa take jurewa, wane zafi, wane sukari take ci. Ɗalibai na raina wannan sashe, amma a ganina a nan ake sanin halitta, ba a kwamfuta ba.

Duk wadda na tace, ranar nake ajiye ta cikin gilisarin a sanyin -80, kwafi biyu a firiza biyu. Wanda ya san yadda ake ɗauke wuta a ƙasarmu ba sai an yi masa bayani ba.

Suna ba ya tabbata sai an kai ƙwayar da ranta ma'ajiya biyu a ƙasashe daban-daban, kamar DSMZ a Jamus da JCM a Japan, sunan kuma ya fito a IJSEM, mujallar da ke tabbatar da sunayen bakteriya. Izinin fitar da ita daga ƙasa, bisa yarjejeniyar Nagoya ta ƙasa da ƙasa kan amfani da albarkatun halittu, da wuri ake fara nemansa, don yakan fi aikin ɗakin gwaji cin lokaci. Tawa ɗaya tilo da ta tsallake gwajin DNA, takardunta nake bi yanzu.