Abin da guntayen karo suka koya mini

Shekara huɗu ke nan ina bin maigidana muna shimfiɗa karo, wato tayil na daɓe da bango, a gidajen Yamai, yau Talaje, gobe Yantala. Duk gidan da za mu fara, maigida yakan ce wa mai gida ya ƙara kashi 10 cikin 100 a kan abin da aka auna, saboda yanka na bakin bango da wanda zai fashe a hannu. In an gama, sai ka ga guntaye tsibi a bayan gida, ana jiran amalanke ta kwashe su tare da ɓaraguzai. Abin yana ci mini rai. Nijar ba ta da teku, da yawa daga cikin kayan nan daga tashar jirgin ruwa ta Lome ko Kwatano babbar mota ta ɗauko su, tafiyar fiye da kilomita 1,000, ga shi sun ƙare a juji.

Da azumin bara na je shan ruwa gidan goggona a Bukoki, na tarar teburinta na katako duk ya yi zobe-zobe. Kofin zoɓo mai ƙanƙara in ya haɗu da zafin Yamai sai ya yi ta zufa, ruwan ya kwanta a kan katako ya ci fenti. Washegari na tsinci guntaye a wurin aiki, na yanka guda shida, santimita 10 kowane gefe, na kai mata ta riƙa ɗora kofi.

Kwana uku ta aiko a kira ni. Bakin ɗaya ya yanki jikarta a yatsa, ƙasansu kuma ya kakkarce teburin fiye da yadda ruwa ya ɓata shi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, ka mayar ka ƙarasa aikinka."

Na nuna wa maigida. Ya juya guda a hannunsa, ya bi bakin da babban yatsa a hankali, ya ce, "Kai, a daɓe fuska ɗaya kawai ake gani. Siminti ya rufe maka ƙasa, ya rufe maka baki. Wannan kuwa ba abin da zai rufa maka asiri." Sai a ranar na gane cewa duk shekarun nan siminti ne yake ɓoye mini kurakurai.

Na koma kan bakin. Fuskar karo gilashi ce da aka narkar a wuta, shi ya sa inda aka yanka yake kamar reza. Nakan jiƙa dutsen wasa wuƙa, in karkata guntun, in yi ta guga har kaifin ya kwanta, sannan in ci kusurwa huɗun su ɗan zagaye. Gwajina shi ne in goga bakin a cikin damtsena, inda fata take da laushi. In na ji ya kama, da saura. Guda ɗaya yakan ci mini kusan minti 20, alhali yankansa bai kai minti ɗaya ba.

Na ƙasa kuwa, na fara da robar tsohuwar taya, amma da zafi ya yi sai ta bar baƙi a kan tebur. Guntayen fata na dukawan Wadata su suka raba gardama. Ina yanka fatar ta ɗan gaza karon kaɗan don kada ta leƙo, in shafa gam a duka biyun, in jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan in haɗa in danne da bulo ya kwana. Wanda ya yi gaggawar haɗawa gam na ɗanye, cikin mako fatar za ta ɓalle.

A nan ne kuma na san karo da gaske. Na bango yana da sauƙin yanka, amma bayansa yana shan ruwa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Mai taurin nan na daɓe, wanda ake gasawa a zafin da ya kai wajen digiri 1,200, abin da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya ba. Ɗiga ruwa a bayansu ka gani: na bango zai shanye nan take ya yi duhu, ɗayan kuma ruwan zai tsaya yana kallonka. A ganina mai ɗan kaushin fuska ya fi dacewa da kofi, domin a kan mai sheƙi ruwa yakan taru, kofi ya yi ta zamewa. Wajen yanka kuma, layi ɗaya ake ja da ƙarfi daidai, a danna ya ɓalle. In ka maimaita jan, bakin zai tsattsage.

Akwai abin da ba na wasa da shi yanzu, wato ƙura. Farin garin da injin yanka yake tayarwa yana ɗauke da silika, wadda in ta zauna a huhu ba ta fita, kuma ciwon da take jawowa ba ya warkewa. Mu masu wannan sana'a mun saba shaƙarta kamar ba komai ba. Ni dai yanzu sai na jiƙa, na rufe hanci, kuma a fili nake yi, nesa da yara.

Hannuna ya sauya har a wurin aiki. Karon bakin matakala da na gefen taga, waɗanda da nake barinsu da kaifi, yanzu sai na bi su da dutse kafin in tashi. Maigida ya gani bai ce komai ba, amma tun daga nan ni yake bar wa matakala.

Na mayar wa goggo guda shidan ana jajibirin sallah. Ta ɗauki ɗaya ta juya, ta shafa fatar, ta bi bakin da yatsa har ta zagaye. Sannan ta kira jikar tata, ta miƙa mata, ta ce ta jera su a tebur baƙi na tafe.