Mun hau Mambila da kuɗin adashi

Wata shida muna zubi ni da maman yara, ranar kwasa muka ce sai Gembu, garin da ke kan tsaunin Mambila. Motar haya muka shiga daga Jalingo, ta Bali da Serti. A Mayo Selbe hawan ya fara, hanya sai murɗewa take yi, auta ta ƙanƙame ni tana salati.

Guzuri ne ya rufa mana asiri: dambun nama, garin kwaki, fulas biyu. Ɗaki ɗaya muka kama, yara a katifar ƙasa. Gonar shayin Kakara kuwa kore shar, iya ganinka.

Amma fa na raina sanyin nan. Ruwan alwalar asuba kamar ƙanƙara! Dole na sayi rigunan sanyi huɗu a gwanjo, kuɗin tsarabar Hajiya kenan suka tafi.