Godiya bayan kare kundina, da wani roƙo game da lalle

Alhamdulillahi. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na kare kundin digirina na biyu a ilimin sinadarai, bayan shekara uku ina fama. Saƙonnin taya murna sun yi yawa, ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na zo nan.

Masu tambaya me ya haɗa ni da lalle har na ƙare da jajayen yatsu babu biki babu suna, ga amsar. A cikin ganyen lalle akwai wani sinadari da ake kira lawson, shi ne yake kama fata ya bar ja. Aikina shi ne tace shi, in haɗa shi da tagulla da tutiya, sannan a gwada abin da ya fito a kan ƙwayoyin sankarar mama da ake rainonsu a ɗakin gwaji, irin waɗanda ake kira MCF-7. Dabarar amfani da ƙarfe wajen yaƙar sankara tsohuwa ce. Tun 1965 Barnett Rosenberg a Amurka ya lura cewa wani haɗin ƙarfen filatinam yana hana ƙwayoyin bakteriya rabuwa, daga nan aka samu maganin sankara mai suna sisfilatin, wanda aka amince da shi a 1978. Yana aiki, amma yana taɓa ƙoda da ji, ga amai mai tsanani. Na ga wannan da idona a jikin Goggona, Allah Ya jiƙanta. Tun daga lokacin nake tunanin ko ƙarfen da jiki ya riga ya saba da shi, kamar tagulla, zai fi sauƙi idan aka ɗaura shi a kan sinadarin tsiro.

Malamina mai duba aikin, Allah Ya saka da alheri. Ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu, firij ya huce, aikin wata huɗu ya lalace, na shiga ofishinsa ina kuka. Ya bari na gama, sai ya ce, "Malama, lalle bai ƙare a Kurmi ba." Washegari na koma kasuwa. Dattijon da nake sayen ganye a wajensa ma ina gode masa, don shi ya koya mini bambance sabon ganye da wanda ya daɗe a buhu ta hanyar ƙamshi, abin da babu littafin da ya gaya mini.

Umma, ke kika riƙe mini yara har dare. Abban su Hanifa, ka sayar da abin da ka sayar don a aika samfuran gwaji, ba zan faɗa a nan ba, Allah Ya mayar da alheri. Yaya Babba da ke kai ni a mota cikin zafin bazara, da ma'aikatan ɗakin gwaji, da abokan karatuna, na gode ƙwarai.

Yanzu ga roƙon. Tun jiya mutum biyu sun kira ni suna tambaya ko za su dama lalle su ba mara lafiyarsu ya sha. Don Allah kar a yi. Haɗin tagullar ya fi lawson shi kaɗai kashe ƙwayoyin sankarar a cikin farantin gwaji, iyakar abin da na gani ke nan. Ba a gwada shi ko a kan ɓera ba. Abubuwa da yawa suna kashe sankara a faranti, su kuma kashe lafiyayyun ƙwayoyi tare da ita. Shi kansa lawson yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu ƙarancin G6PD, wato wani sinadarin jiki da ke kare waɗannan ƙwayoyin, musamman jarirai. Wadda ta ji ƙullutu a mamanta ta je asibiti da wuri.

Walima ranar Asabar bayan la'asar a gidan Umma. Mata, a zo da wuri, akwai mai ƙunshi.