Yadda Na Gwada Sa Yadin Roba Ya Riƙa Karɓar Gumi

Sana'ata rini ce a Kano, kuma abin da ya kai ni ga wannan gwaji ƙorafin wani tela ne mai ɗinka rigunan 'yan ƙwallo, wanda ya ce da zarar rana ta take, gumi yakan kwanta a jikin yaran, riga kuwa ta manne musu kamar leda. Yadin da yake sarowa a Kantin Kwari foliyesta ne zalla, wato yadin roba. Wannan zare, da aka ƙirƙiro a Ingila a 1941, ba ya riƙe laima fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na nauyinsa, alhali auduga tana riƙe kusan kashi 8. Da na ɗiga masa ruwa, sai ɗigon ya tsaya a dunƙule yana sheƙi, ya ƙi shiga.

Hanyar da na bi ita ce wadda masaƙun Japan suka yi suna da ita wajen mayar da foliyesta mai laushi kamar siliki, wato dafa yadin a ruwan kostik, sinadarin da dama ba ya yankewa a wurin marina. Kostik yana cin bayan zaren kaɗan kaɗan, ya bar masa ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda ruwa ke samun wurin kamawa. Na zuba giram 40 a kowace lita, na bar shi dab da tafasa tsawon awa ɗaya, sannan na ɗauraye, na kashe kaifin kostik ɗin da ruwan binega.

Kuskurena na farko shi ne amfani da tukunyar dalma, wato ta alminiyam. Ban ankara ba sai na ga ruwan yana kumfa tun kafin ya yi zafi sosai, cikin tukunyar ya yi baƙi, domin kostik yana cin alminiyam, yana fitar da iskar da ke kama wuta. Dole na koma tukunyar ƙarfe marar tsatsa, da safar roba har gwiwar hannu.

Ƙyallen farko ya fito da taushi, ɗigon ruwa kuma ya bazu a kansa nan take. Murna ta sa na yi zalama, na bar na biyu ya ninka lokacin, ya fito shara-shara, kuma da telan ya ja shi a bakin ɗinki sai ya yage. Tun daga ranar nake auna yadi a sikeli kafin dahuwa da bayanta, idan ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ba na miƙa shi a ɗinka kayan wasa.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne cewa zaren bai koma mai shan ruwa irin na auduga ba. Bayansa kawai ya canja, don haka gumi yana bazuwa ne ya bushe da wuri, wanda a ganina ya fi wa mai gudu amfani. Bayan makonni telan ya dawo da wata riga yana cewa, "Malam, aikin ya warware." Da na bincika, ashe mai wanki ne yake zuba mata ruwan ƙamshin nan na tausasa tufafi, wanda ke lulluɓe zare da maiƙo. Wanki biyu da omo zalla ya dawo da ita yadda take.