Akwatin da zai ɗauki zartona

Laraba.

Da safe na buɗe tsohon akwatina na ƙarfe, sai na tarar da ruwa kwance a ƙasansa, ya kai kaurin yatsa. Jiya ruwan sama ya same mu muna ɗora katakon rufi, akwatin ya yi kusan rabin awa a waje kafin na tuna da shi. Na ɗauka murfin ya tare, ashe ta wajen hinjin ruwan ya bi ya shiga. Kurfina uku duk sun yi ja a baki. Wanda ya fi ci mini rai shi ne makankarin katakona. Jikinsa ƙarfen zubi ne, kwana ɗaya cikin laima ya ishe shi. Ƙasansa da yake sheƙi kamar madubi duk ya yi dabbare-dabbaren tsatsa. Shekara tara muna tare da shi.

Na zauna da sanfefa mai laushi da ɗan mai na yi ta gogewa har hantsi. Ya fita, amma tabo biyu sun zauna. Nan na yanke cewa yau ba zan kwana ba sai da sabon akwati.

Da zan fita na ɗauki zartona da tef na awo. Yaron da ke koyon aiki wurina ya ce, “Maigida, aiki za mu je ne?” Na ce a'a, zarton ne zai zaɓi akwatin. Tsawon da ake rubutawa a jikin akwati yawanci na waje ne. Idan aka cire kaurin bango da lanƙwasar kusurwa, abin da ya rage a ciki bai kai haka ba. Zartona haƙoransa inci 22 ne, ga mariƙi a kai, ga kuma lebul ɗina, abin duba ko aiki ya karkace, na santimita 60. Akwati biyu da suka fara burge ni tun a nan suka faɗi, zarton ya ƙi kwanciya ko a karkace.

Na ƙarfe ban ma tsaya kansa ba. Yana da ƙarfi, ban musa ba, amma shi kansa kaya ne tun ba a sa komai ciki ba, kuma da fenti ya kwarzane tsatsa ta samu ƙofa. Ni kuwa hawa bene nake yi da kayana. Na koma kan na roba mai kauri.

Abin da na daɗe a kansa shi ne bakin murfi. Da yawa an rubuta musu cewa ruwa ba ya shiga, amma in ka ɗaga murfin babu komai, roba ce kawai ta hau kan roba. Na kirki yana da zaren roba mai laushi da ya zagaye bakin gaba ɗaya, ba yankewa, kuma za ka ga lambar IP a jikinsa, wato lambobi biyu da ke nuna yadda yake tare ƙura da ruwa. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54 yana jure fantsamar ruwa, ƙura kuma tana iya ɗan shiga. IP65 ƙura ba ta shiga sam, kuma yana jure ruwan da aka feso da tiyo. Ba a ce a tsoma shi cikin ruwa ba, wannan sai IP67. Ga mai aiki a waje, tsakanin ruwan sama da garin katako, 65 ɗin nake so.

Duk da lambar, sai da na gwada da hannuna. Na yagi siririyar takarda na ɗora a bakin akwatin, na rufe, na danne maƙalan, na ja. A gaba ta ƙi fitowa. Na maimaita a kusurwoyi huɗu da kuma baya wajen hinji, inda tsohon ya ci amanata. A wani akwatin takardar ta zame salin-alin daga kusurwar hagu, na ajiye shi. Wanda na ɗauka ya riƙe ta ko'ina. Maƙalansa na ƙarfe ne, hinjinsa da sandar ƙarfe a ciki, mariƙinsa kuma faffaɗa ne, ba zai yanke yatsu ba in kaya sun yi nauyi.

Mai taya ya ja hankalina, amma a kan tsakuwa da matakala ɗauka za ka koma yi. Na bar shi.

Da dare na shimfiɗa kayan duka a kan benci. Akwatin da ba ya barin ruwa ya shiga, ba ya barin laima ta fita, don haka duk abin da aka rufe da danshi a ciki zai kwana yana gumi. Na goge kowanne da tsumma mai ɗan mai, na naɗe kurfin a ƙyalle don kada bakinsu ya riƙa bugun juna, na jefa ƙunshin silika biyu, 'yan ƙwayoyin nan masu tsotse laima, a ƙasa. Makankarin na mayar da wuƙarsa ciki, na kwantar da shi a gefe. Kusoshi da fensir suka hau tiren sama.

Zarton ya kwanta a miƙe, har da sauran wurin yatsa biyu. Tsumman da na goge ruwan safe da shi yana kan igiya, gobe ma ba zai shiga akwatin ba sai ya bushe.