Abin da aikin lauya ya koya mini game da taron gangami

Tun muna ajin shari'a a nan Katsina malaminmu ya kawo mana shari'ar Brandenburg ta 1969, inda Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yi wa wani jagoran Ku Klux Klan, ƙungiyar da ta yi ƙaurin suna wajen ƙin baƙar fata. Kotun ta ce ba a hukunta mutum kan magana sai in ya tunzura jama'a su karya doka nan take, kuma da alamar za su karya. Ajin ya ɗauki hayaniya. Yaya za a bar mai zagin jinsi guda ya hau mumbari?

Dokarmu ba ta kai can ba, kuma ina ganin ta yi daidai. Sashe na 39 da na 40 na tsarin mulkin 1999 sun ba da 'yancin magana da na taro, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita su don zaman lafiya. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana kalaman da ke taɓa addini ko ƙabila a yaƙin neman zaɓe. Duk wanda ya ga rikicin bayan zaɓen 2011 ya san dalili.

Sai dai da na fara rubuta wa masu shirya taro takardun sanar da 'yan sanda, tsoron ikon hanawa ya kama ni. Wanda ke riƙe da shi yakan fara da abokin hamayya. A 2003 an tarwatsa gangamin jam'iyyar adawa ta ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, wai ba su da izini, alhali ɗan takararsu Muhammadu Buhari na wurin. Sai a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa taron lumana ba ya buƙatar izinin 'yan sanda.

Inda rai ke salwanta kuwa, galibi a bakin fili ne. A garin Charlottesville na Amurka a 2017 masu fifita farar fata sun yi gangami, masu adawa da su suka fito, 'yan sanda suka kasa raba su, wani ya afka wa jama'a da mota ya kashe Heather Heyer.

Shi ya sa in shugaban matasa ya zo ofis ya ce, “Barista, ranar Asabar za mu cika filin Polo,” nakan ce ya zauna tukuna. Ƙofa nawa ce ta fita? Wa zai caje masu shiga? Ɗaya ɓangaren na da taro a ranar? Ta wace unguwa ayarin motoci zai bi? Sannan tambayar da ba sa so: wa ya ba kauraye kuɗin mai? Yaron da aka ba ƙwaya da gora ba jawabi ya zo ji ba, kuma mahaifiyarsa ce za ta kwana a asibiti. In suka ƙi amsa wannan, ba na sa hannu a takardar.